Mai Finjali Biyu

Turin, Italiya
14 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Kawu Muntari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi sallah lafiya. Ya iyali, ya shago? Ya kuma zafin Sakkwato, da aka ce bana ya wuce misali? Ni lafiyata ƙalau, sai karatu da ya sa ni gaba. Ranar ashirin ga Yuni zan kare kundin digirina na uku a gaban malamai, in Allah ya yarda daga nan an gama.

Kawu, ba ni da wanda zan kai wa wannan magana sai kai. Na san zumuncinmu da ɗan nisa, kakata ta wajen uwa ce yayar mahaifiyarka, amma duk dangi kai kaɗai ne ba ka juya mini baya ba. Yau shekara biyu da wata bakwai Baba bai ce mini uffan ba. Na san laifina. Inna ta rasu, kwana goma sha ɗaya na hau jirgi, don makaranta ta ce ko in zo ko a ba wani gurbin. Na durƙusa a zaure na ce ya sa mini albarka, ya ce "Je ki," ya juya fuska bango. Wallahi Kawu kullum da wannan nake tashi. Ba na son in karɓi takardar nan babu albarkarsa a kaina.

Waya ba ta da amfani, ka san yadda kunnensa ya yi nauyi. Shi ya sa na yi wani tunani. Ka tuna 'yar butar gahawarsa ta alminiyo, wadda Turawan Italiya masu sayen fatu suka ba shi tun ban zo duniya ba? Finjali biyu take cikawa, ba ƙari. Inna ta ce ɗacin ya fi na maɗaci, ta ƙi sha, sai ni da rigimata ina 'yar shekara goma sha biyu na ce a ba ni. Tun daga ranar, kullum ya dawo sallar asuba, shi ɗaya ni ɗaya, ba sukari ba madara, ba ma magana. Duk unguwarmu ta Gidan Igwai ba mai iya haɗiyar abin nan sai mu biyu.

Ina so in saya masa ɗan injin gahawa na gida, irin mai matso ta da ƙarfi ta fito da kauri, wadda suke ce wa esfireso. Ba mai tsada ba, kuɗin ɗaliba gare ni. Kai ne ka san lantarki, kai ka san wutar gidansa, ka faɗa mini irin wanda zai rayu a Sakkwato. Kuma don Allah ka sa a buga wannan takarda ka karanta masa. In ya kore ka, ka faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Taka,
Aishatu Humaira

*

Sama Road, Sakkwato
21 ga Afrilu, 2024

Ɗiyata Humaira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, iyali suna gaishe ki. Zafi kam kada ki tambaya, fanka tara ke jirana cikin shago, kowa na cewa tashi ta fi gaggawa.

Na kai anka buga takardarki, na tafi Gidan Igwai bayan la'asar. Alhaji lafiya lau, sai ƙafa da ke ɗan kumbura, amma bai fasa zuwa rumbun fatu ba. Karanta mishi wasiƙa aiki ne, ɗiyata. Sai da na sa baki cikin kunne nai ta kwarara ihu, har wani mai keke napep ya tsaya ƙofar gida shina sauraro. Gwaggonki Jamilatu ta leƙo ta ce in rage murya, asirin gida ya kai titi. To ya zan yi?

Bai kore ni ba. Shina saurare har na kai wajen butar. Nan ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko ta, ya aza mini a hannu ya ce in duba ko tana gyaruwa. Ba ta gyaruwa. Robar ta cinye, gindin ya tsage, kuma da ganin cikinta an daɗe ba a aza ta bisa wuta ba. Na girgiza mishi kai. Sai ya ce, "Ina hoton abin?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

Yanzu ga shawarar mai gyara. Wutar Nepa in ta zo awa uku a yini mun gode Allah, kuma rabinta ba ta da ƙarfi. Solar da na haɗa mishi fanka take ɗauka da ƙwai huɗu da ƙaramin firji. Duk abin da ya kai wat dubu, inbata za ta yi kuka ta ɗauke. Kada ki sawo mai allo da maɓallai barkatai, in ya lalace ba mai taɓa shi daga nan har Kano. Kada ki sawo wanda sai an saka mishi 'yan gwangwanayen gahawa na kamfani, ba mu da su, in sun ƙare ya zama kayan ado. Ruwan burtsatsen unguwarsu kuma gishiri gare shi, shina toshe hita, sai dai a riƙa zuba na leda.

Ni dai ban san abin da kuke ji cikin wanga baƙin ruwa ba. A ba ni shayi mai kauri da madara, in sha in yi hamdala. Amma aiko hoton.

Kawunki,
Muntari

*

Turin
24 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Allah ya saka maka da alheri, ya raba ka da fankoki tara lafiya. Na karanta "Ina hoton abin?" ya fi sau ashirin, har abokiyar ɗakina ta tambaye ni ko wani ne ya aiko mini da saƙon soyayya.

Na zaga shaguna uku da takardarka a hannu. Duk wanda mai shago ya nuna mini sai in juya bayansa in duba wat, har ya gaji da ni. Biyu ne suka tsallake sharuɗɗanka, ga hotunansu nan.

Na farko na hannu ne, ba ya shan wuta ko kaɗan. A tafasa ruwa a zuba, a danna hannayensa biyu ƙasa, gahawa ta fito. Shi ya fi araha, kuma babu abin lalacewa a jikinsa sai roba ɗaya, zan haɗo da guda biyar. Finjali ɗaya yake yi.

Na biyu baƙi ne, na lantarki, wat ɗari takwas da hamsin, maɓalli ɗaya tak. Ya ɗara na farko tsada kaɗan, amma ba zai karya ni ba. Bututu biyu gare shi, yana cika finjali biyu a lokaci guda.

Kawu, roƙona ɗaya. Kada ka zaɓa masa, kada ka ce ni na fi son wannan ko wancan. Ka ajiye masa hotunan biyu, ka faɗa masa abin da kowanne ke yi, ka bar shi ya nuna da kansa. Duk abin da ya ce, ka rubuto mini shi yadda ya fito daga bakinsa, kamar yadda ka yi wancan karon.

Humaira

*

Turin
12 ga Mayu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Kwana goma sha takwas ba amsa. Na kira sau huɗu ba ka ɗauka ba, na kira Gwaggo Jamilatu ta ce tana gidan biki, ta kashe. In Baba ya yaga hotunan ne, ka faɗa mini. Na ce maka zan iya ɗauka. Shirun nan ne ba na iya ɗauka, na kasa karanta ko shafi ɗaya.

Humaira

*

Sakkwato
15 ga Mayu, 2024

Ɗiyata Humaira,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya yi mini yawa, wayata kuma ta sami matsala.

Na kai wa Alhaji hotuna. Ya duba, ya zaɓi na hannu, ya ce shi ya fi dacewa da halin wutarmu, kuma kada ki ɓata kuɗinki. Ya yi murna ƙwarai. Har ya sa an sawo mishi sukari da madarar gwangwani shina jiran isowar abin.

Sannan ga babbar magana. Ya ce in faɗa miki ya yafe miki duniya da lahira. Ya ce Allah shi yi miki albarka, shi ba ki sa'ar jarrabawa, shi sa ki gama lafiya ki dawo gida lafiya. Ya ce ki kwantar da hankalinki ki yi karatu, kada ki sa komi a ranki.

To kin ji. Yanzu sai ki buɗe littafi. Kada ki damu da yawan kira, in kin gama ma yi magana a tsanake.

Kawunki,
Muntari

*

Turin
17 ga Mayu, 2024

Kawuna,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi! Kawu, a tashar bas na buɗe saƙonka, na zauna a ƙasa ina kuka, wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa tana zaton mutuwa aka yi mini. Na buga takardar, na yanke wurin albarkar, na sa a jakar da zan shiga da ita ranar jarrabawa. Ban san da wane baki zan gode maka ba.

Na sayi na hannun jiya. Alhaji Zulkifilu, wani ɗan kasuwa mai sarin takalma, zai taso ranar goma ga Yuni, ya ce zai aiko maka da shi daga Kano kafin babbar sallah. Na haɗo da garin gahawa leda huɗu.

Ba zan ɓoye maka ba, da na ga ya zaɓi mai finjali ɗaya sai da wani abu ya soke ni. Amma wanda aka yafe wa duniya da lahira ina shi ina ƙorafin finjali? Sukari da madarar ne suka ba ni dariya. Baba? Mutumin da ya taɓa karɓe finjali daga hannun baƙo don ya ga ya nufi gwangwanin sukari? Lallai tsufa ya zo. Ka ce masa in na dawo sai ya yi mini bayani.

Ka ɗaukar mini hotonsa ranar da abin ya iso, ko da bai kalli waya ba.

Taka har kullum,
Humaira

*

Turin
9 ga Yuni, 2024

Kawu Muntari,

Assalamu alaikum, don sallama wajibi ce. Ba zan tambaye ka lafiyar kowa ba, tunda na ga yadda kake ba da labarin lafiya.

Jiya da hantsi Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu da ta koyar da ni a firamare, ta aiko mini da saƙon murya. Ta ce wata biyu tana Kafanchan jinyar ƙanwarta, ta dawo ta tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu ana sadakar arba'in. Ta ce, "Humaira, sannu da haƙuri, Alhaji mutumin kirki ne." Ita kaɗai ce ba ku samu kun toshe wa baki ba.

Na ɗauki kalanda na ƙirga baya. Ashirin da tara ga Afrilu. Takardarka ta sha biyar ga Mayu ce. Kwana goma sha shida ubana yana cikin ƙasa, kai kana zaune a shago kana rubuta mini wai ya sayi sukari. Haba Kawu! Haba!

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Kwana arba'in ban ce Allah ya jiƙansa ba ko sau ɗaya. Ina ɗaga hannu ina roƙa masa lafiyar ƙafa. Ina yawo a shaguna ina tambayar roba. Mai keke napep da ya tsaya a ƙofar gida ya riga ni yi wa ubana addu'a. Ni kaɗai ya haifa, Kawu. Wa ya ba ku izinin ku ɗauke mini kwanakin nan?

Da Gwaggo ce ta yi mini haka, da na ce dama ba ta taɓa ƙaunar tafiyata ba. Amma kai! Kai na zaɓa cikin dangi duka. Kai ka rubuta mini "ban ƙara ba ban rage ba," na yarda da kai kamar yadda nake yarda da hannuna. Na kira ka jiya sau tara, kana ganin sunana kana ajiyewa.

Yanzu tambaya ɗaya gare ni, kuma ita kaɗai ta rage mini a duniya. Albarkar nan da ke cikin jakata, Baba ne ya faɗe ta kafin ya rasu ka jinkirta aiko mini, ko kai ne ka zauna ka tsara ta? Ka amsa mini wannan.

Humaira

*

Sakkwato
12 ga Yuni, 2024

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi jiƙan Alhaji Sahabi, shi sa ya huta, shi ba ki haƙuri. Wagga gaisuwa ta daɗe a bakina, yau na samu na fitar da ita. Ban ɗauki wayarki ba don ba ni iya jin muryarki, ba don raini ba.

Ranar Litinin ce. Ya yi azahar ya koma rumbun fatu, zafi ya yi tsanani, ya yanke jiki ya faɗi. Munka kai shi asibiti, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Bai sha wahala ba. Ni na shiga kabari na karɓe shi da hannuna, jama'a kuma har daga Wamakko sun zo.

Da anka dawo, Gwaggonki ta tara mu ta ce ba mai faɗa miki sai kin fito jarrabawa. Ba ƙiyayya ba ce, ɗiyata, haka muka tashi munka iske ana yi. Wanda ke nesa, shi kaɗai cikin baƙin mutane, ba a jefa mishi mutuwa ta waya. Ko an faɗa miki ba ki iske jana'iza. In kin faɗi cikin ɗaki wa zai ɗaga ki? In kin watsar da karatun shekara uku saura mako bakwai, mi munka yi ke nan? Haka anka yi mini lokacin da mahaifiyata ta rasu ina aiki Legas, sai da na iso ƙofar gida na ga tabarmi. Na ji zafi, daga baya na gane.

Na so in yi shiru kawai har ranar ashirin. Sai ga takardarki kina cewa kin kasa karanta ko shafi ɗaya. Na ga shirun ma kashe ki zai yi.

Maganar albarka kuwa, wane uba ne zai tafi da ɗiyarshi a zuciya? Shekara talatin na san Alhaji. Na san abin da ke ranshi game da ke, ko rantsuwa na yi ba ni kaffara. Ki riƙe abin da ke cikin jakarki ki shiga jarrabawa da shi.

Kawunki,
Muntari

*

Turin
13 ga Yuni, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. Amin, na gode da gaisuwa.

Ban tambaye ka abin da ke ransa ba. Abin da ya fito daga bakinsa na tambaye ka. Ka ce da aka ɓoye maka mutuwar mahaifiyarka ka ji zafi ka gane. To akwai wanda ya zauna ya rubuta maka wasiƙa da sunanta tana cikin kabari? Ɓoyewa daban, sa wa mamaci magana a baki daban. Na farkon na Gwaggo ne, na biyun naka ne kai kaɗai.

Ka kai masa hotunan ko ba ka kai ba? In ka kai, wace rana, me ya ce? Kalma da kalma. In ba za ka iya ba, kada ka sake rubuto mini, ni ma ba zan sake ba.

Humaira

*

Sakkwato
24 ga Yuni, 2024

Humaira,

Assalamu alaikum. Da fatan kin yi sallah lafiya, kin kuma fito jarrabawa lafiya. Da gangan na bari ranar ta wuce. Ni ban ji daɗin sallar ba, ko naman layya ban iya ci ba.

Ga gaskiya, Allah shina gani.

Albarkar ni na rubuta ta. Bai faɗa ba. Sukari da madara ni ne, na rubuta abin da ni zan saya in da ni za a kawo wa. Zaɓen na hannu ma ni ne.

Hotuna kam na kai. Ranar Asabar ce, ashirin da bakwai ga Afrilu, na iske shi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na aza mishi su bisa tabarma, na faɗa mishi aikin kowane kamar yadda kinka ce. Ya daɗe shina kallo. Sai ya aza yatsa bisa baƙin, na lantarki. Na ce Alhaji wanga zai wahalar da inbata, sai an kashe firji kafin a kunna shi. Ya ce, "A kashe." Na ce na hannu ya fi araha, kuma kai kaɗai ke shan gahawa cikin gida, mi za ka yi da finjali biyu? Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Mi ya shahe ka? Ka ce mata mai finjali biyu." Ya naɗe hoton ya sa aljihu. Iyakarta ke nan, kuma ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinshi.

Ban rubuto miki ranar ba don na ɗauka rigimar tsufa ce. Na ce bari Talata in zo da mita in auna inbatar a gabanshi, in ya gani da ido zai sauko, kada ki yi asarar kuɗi bisa abin da zai ƙone. Talata ba ta iske shi ba. Da na zauna rubuta miki daga baya, na ce mi maganar inji za ta yi wa yarinyar da ke neman albarka? Sai na bar ta, na rubuta abin da na ga kina bukata.

Na yi kuskure. Ki yafe mini don Allah.

Kwalin ya iso daga Kano ranar jajibiri. Shina nan bisa teburin shago, ban buɗe ba. Ki faɗa mini yadda zan yi da shi.

Muntari

*

Turin
28 ga Yuni, 2024

Kawu Muntari,

Wa alaikumus salam. Na ci jarrabawar. Na shiga ba tare da takardarka ba, tun ranar sha uku na fitar da ita daga jaka.

Na karanta wasiƙarka a zaune, na tashi na sake karantawa a tsaye. Kawu, kai har yanzu ba ka san abin da ka riƙe ba, ko? Ka zaci shawarar inji nake nema da na aiko hotuna biyu? Ni da Baba ba mu iya magana ba, ba mu taɓa iyawa ba. Shekara goma sha biyar muna zama da asuba, shi da finjalinsa ni da nawa. Ban iya tambayarsa ko akwai sauran wurina a gidan ba, sai na aika masa hoto biyu. Shi kuma ya gane sarai. Ya ce a kashe firji.

Ya amsa mini, Kawu. Ya amsa da ransa da lafiyarsa, ya ba ka saƙon, kai kuma ka sa shi a aljihu ka tafi neman mita. Da ka aiko mini ranar Asabar ɗin, da Lahadi na sa an riƙe masa waya ya ga fuskata, ko bai ji abin da nake faɗa ba. Kwana biyu ya yi yana zaton saƙonsa ya iso ni, ni ce ban ce komai ba. Da wannan ya tafi. Ka jefar da abin da ubana ya ba ni don bai yi maka kama da albarka ba, ka ƙera mini wata mai kyan gani.

Ka ce in yafe maka. Na san ba mugunta ka nufa ba, kuma na san kai ka karɓe shi a kabari, Allah ya ba ka ladan wannan. Amma ba zan rubuta maka na yafe ba, don ban yafe ba tukuna. In ranar ta zo za ka ji daga bakina.

Kwalin naka ne, kai ka zaɓe shi. Ka buɗe, ka sayar, ka bayar, duk ɗaya. Butar Baba ta alminiyo ita nake so. Ka kai wa Malama Rifkatu ta ajiye mini, zan iso cikin watan gobe. A duba aljihun rigunansa kafin a raba su, akwai hoton injin da na aiko a ciki.

Jiya na koma shagon na sayi baƙin. Da asubar nan na kunna shi, ya cika finjalan duka biyu. Na sha nawa. Ɗayan yana nan kan tebur ya huce, na kasa sha, na kasa zubarwa.

Humaira,
ɗiyar Alhaji Sahabi